Kundin Aiki: Yadda Nake Gina Labarin Kwaɗo da Abokansa Don 'Yan Aji Ɗaya

12 ga Oktoba, 2024

Yau na fara. Abin da na sa a gaba shi ne in ɗauko littafin nan na Ingila, The Wind in the Willows, in sake gina shi da Hausa yadda yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 zai saurara har ƙarshe bai miƙe ba, ɗan aji biyu kuma ya iya karanta wani abu a ciki da kansa. Kenneth Grahame ya rubuta shi, aka buga a Landan a 1908. Ma'aikacin Babban Bankin Ingila ne, har ya kai muƙamin sakatare. Labarin ya faro ne daga hirar dare da yake yi wa ɗansa Alastair, ya kuma ci gaba da shi a wasiƙun da ya riƙa aika mashi a 1907. Wato asalinsa tatsuniyar uba ce ga ɗansa. Sai dai da ta zama littafi ta yi nauyi: babi 12, kalmomi sun haura 50,000, ga dogayen jimloli da ko babba sai ya tsaya ya numfasa.

Marubucin ya rasu a 1932, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kuwa shekara 70 take ba magada bayan rasuwar marubuci, don haka rubutun ya zama na kowa. Zanen da aka fi sani, wanda E. H. Shepard ya yi a 1931, bai kai nan ba, don shi a 1976 ya rasu. Ba zan taɓa shi ba. Ƙanena ya ce zai zana mani namu.

Dalilina a cikin kabad ɗin ajina yake. Littattafan koyon baƙi da wasali muna da su. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne dogon labari da Hausa wanda ƙaramin yaro zai kwana yana jiran ci gabansa. Kuma ba sabuwar hanya na buɗe ba. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina, ya ɗebo labaran Larabawa da na Turai ya sa masu riga da hula a Magana Jari Ce tun a shekarun 1930, har yau mutane da yawa ba su san baƙi ba ne.

27 ga Oktoba, 2024

Na yanke shawara: labarin zai baro bakin Kogin Tems ya dawo ƙasarmu. A shafin baya zan rubuta wa iyaye inda ya fito da wanda ya rubuta shi, amma yaro ba sai ya haye teku ba kafin ya shiga ciki.

Manyan jaruman huɗu ne. Kwaɗo yana nan a Kwaɗonsa, ɗan gata mai ƙaton gidan gado da saurin ƙosawa da abu. Ɓeran ruwa ma yana nan. Dattijon da ke zaune a tsakiyar kurmi ya zama Baba Dage, halin ma ya dace, ba ya son hayaniya kuma ba a taka shi. Ta huɗun ce ta ɗauke ni lokaci. A littafin wata 'yar dabba ce mai zama a ƙarƙashin ƙasa wadda ba mu da irinta a nan. Na duba jaɓa, amma babu yaron da zai so jaɓa. Kurege kuma wayonsa ya yi yawa, ita kuwa wannan mai kunya ce, mai son gida, mai saurin firgita amma ba ta yada aboki. Bushiya na ɗauka. Da ta ji tsoro sai ta dunƙule, kowane yaro zai iya kwaikwayon wannan a kan tabarma.

Ribar da na samu ita ce, jaruman asali duk maza ne, yanzu 'yan matan ajina sun sami tasu. Sai dai a littafin baƙon gulbi, wato wannan dabbar da Bushiya ta maye gurbinta, yana tarewa ne a gidan Ɓera, su biyu kaɗai. Na san tambayar da iyaye za su yi. Na ƙara Goggon Ɓera, tsohuwa mai kaɗi, a ɗakinta Bushiya ke kwana.

16 ga Nuwamba, 2024

Babi na farko ya shiga aji. Bushiya tana shafen farar ƙasa a ɗakinta, ta gaji, ta yar da tsumma ta fito, ta ga gulbi karo na farko. Ɓera ya ɗauke ta a kwalekwale da ƙunshin abinci. A kan hanyar dawowa ta fizge filafili don ita ma ta iya, jirgi ya kife.

Akasarin yaran cikin birni ba su taɓa ganin ruwa mai gudu da za a sa wa jirgi ba. Kududdufi suka sani, kaɗan an taɓa kai su dam ɗin Ajiwa. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in ruwan ya ƙafe ina Ɓera zai sa jirginsa?" Tambayar ta gyara mani littafin gaba ɗaya. Gulbinmu da damina yake cika, da rani ya koma yashi. Shi ma na asalin yana bin yanayi, in sanyi ya shigo ruwa yana ƙarfi a daina tuƙi, Ɓera ya koma barci da rubuta waƙa. Don haka nawa zai fara da ruwan farko, ya bi kaka, ya shiga hunturu. Da rani Ɓera na liƙe jirginsa a gindin giginya yana duban gabas.

Wurin kifewar jirgi sai da suka sa na maimaita. "Tsulum!" kawai suke jira su faɗa tare.

1 ga Disamba, 2024

Babi na biyu bai ba ni wahala ba. Keken dokin nan mai ruwan ɗorawa da Kwaɗo ya saya don yawon duniya ya zama amalanken shanu da rumfar zana. Mota ta zo ta watsa su cikin kwari, Kwaɗo ya zauna a tsakiyar hanya, ƙura na sauka a kansa, yana ta faɗin "ɗit-ɗit" kamar wanda aka yi wa asiri. Tun daga ranar in an tashi tara rabin ajin motoci ne.

Ƙanena ya kawo zanen farko. Kwaɗo da babbar riga mai aska takwas wadda ta yi mashi yawa, hula a karkace. Na ce ya rage girman idanun Baba Dage.

11 ga Janairu, 2025

Wannan babin ne na daɗe ina kewaya shi. A littafin, baƙon gulbi yana sulalewa shi kaɗai cikin sanyi ya shiga kurmi don ya ga dattijon. Duhu ya fara, sai ya riƙa ganin ƙananan fuskoki suna leƙowa daga ramuka, sai fito, sai takun ƙafafu ta ko'ina. Ya ruga ya ɓuya a kogon itace. Ɓera ya farka bai gan shi ba, ya ɗaura ƙananan bindigogi biyu, ya ɗauki kulki ya bi sawu.

Ga yaron Ingila na 1908 wannan tsoron wasa ne, yana jin sa yana cikin bargo. A Katsina ta yau in ka ce "daji" a gaban yaro, ba zomo yake gani ba. Dajin Rugu yake ji ana ambata a bakin manya, da sunayen ƙauyukan Batsari da Safana, da Ƙanƙara inda aka kwashi ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020. A ajina akwai yarinyar da iyayenta suka baro ƙauyensu suka dawo birni saboda wannan. Ba ta cika magana ba, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura.

Shugabar makarantarmu ta ce, "Malama, ki tsallake wannan kawai, ki kai su gidan Dage da rana tsaka." Na fahimci abin da take gudu. Amma in aka cire kurmin, babu sauran dalilin da zai sa Ɓera ya fita nema, kuma fitar nan tasa ita ce ƙashin bayan littafin. Na kai maganar gaban Inna, wadda ta yi mana tatsuniyar Dodo tun muna ƙanana ba ta taɓa rage mashi haƙori ba. Ta ce, "Tsoro a tatsuniya barkono ne a miyar yara. A sa kaɗan, kada a hana. Amma ki tabbata kafin su yi barci an kai yaron gida."

Ga abin da na yi. Bindigogi sun fita, Ɓera fitila da sanda ya ɗauka. Fuskoki da fito da taku suna nan, amma na mayar da su waƙa mai amshi, kowane baiti yara su amsa da "Bushiya dunƙule!" su dunƙule, don tsoron ya zama abin da suke yi da jikinsu tare, ba abin da ke sauko masu ba. Kogon itacen ya zama kogon kuka. Ƙanƙarar da ta rufe ƙofar dattijon ta zama yashi da busassun ganye da iskar hunturu ta tara, hazo ya ɓatar da hanya. Bushiya ta yi tuntuɓe da turken ƙofa ta fasa ƙauri, Ɓera ya ce turke ba ya tsirowa shi kaɗai a daji, suka tona.

Abu ɗaya na ƙara wa nauyi fiye da yadda marubucin ya yi. Tun a babin farko Ɓera yana cewa ba duk mazauna kurmi ne miyagu ba, kuma mutumin kirkin da ya fi kowa a tsakiyarsa yake zaune. Shi a taƙaice ya faɗe shi ya wuce. Ni na maimaita shi a wuri uku, don ba na son yaro ya tashi da cewa duk wanda ke zaune a daji abokin gaba ne. Wadda muke sayen nono a wurinta daga can take fitowa, kakannin rabin ajin ma a can gonakinsu suke.

Ban yarda a raba wannan babin da na gidan Dage ba. Rana ɗaya za a karanta su, ko da an ci lokacin lissafi.

25 ga Janairu, 2025

An karanta. Na zaunar da yarinyar nan kusa da ni. Lokacin fito ta riƙe gefen hijabina. Da aka zo amshi ba ta amsa ba, amma ta dunƙule tare da saura. Da Baba Dage ya buɗe ƙofa da 'yar fitilarsa, ya ce "Su wane ne a wannan sanyin? Ku shigo, ku shigo," ya zaunar da su bakin murhu, ya wanke wa Bushiya ƙauri ya ɗaure, ya zubo masu kunun tsamiya, sai ta saki hijabin. Bayan an tashi ta dawo ta tambaye ni, "Malama, ƙofar Baba Dage tana da sakata?" Na ce tana da ita, babba. Na koma gida na rubuta sakatar a cikin labarin, na kuma gaya wa ƙanena ta fito sosai a zane.

9 ga Fabrairu, 2025

Babi biyu sun fita gaba ɗaya. Na bakwai, inda ake neman ɗan karen ruwa da ya ɓace a same shi a gaban wani abin bautar Girkawan dā mai ƙaho da sarewa, dabbobin su rusuna mashi. Ba zan kai wannan aji ba, kuma masu taƙaita littafin ko a Ingila sun saba cire shi. Ɓatan yaron da nemansa cikin dare na ajiye a gefe, wataƙila ya zama ɗan littafi daban. Na tara kuma, hirar wani ɓeran teku ce a kan tashoshin jiragen ruwa na nesa. Kyakkyawan rubutu ne, amma kewar manya ce, yaro ɗan shida ba ya da abin kamawa a ciki.

14 ga Maris, 2025

Azumi ya raba goma, 'yan tashe sun fara zagaya unguwa, kuma su suka warware mani babi na biyar. Wannan ne babin da na fi so a duk littafin. Suna dawowa da dare, baƙon gulbi ya jiyo ƙanshin tsohon gidansa da ya bari tun farkon labari. Ya kira Ɓera, Ɓera na sauri bai saurara ba. Ya bi shi, can gaba ya zauna ya fashe da kuka. Ɓera ya gane abin da ya yi, ya juya, suka koma neman gidan. Suka same shi ƙarami, duk ƙura, babu abin kirki na ci, mai gida na jin kunya, Ɓera kuwa yana ta yabon kowane lungu. Sai ga 'yan ɓerayen gona sun zo ƙofa suna waƙar Kirsimeti, aka shigo da su aka ciyar.

Daren jiya ina kan wannan shafin sai ga yara a zaurenmu, ɗaya ya yi gemun auduga ya cusa tsumma a ciki, saura na buga gwangwani. Nan take na ga 'yan ɓerayena. A nawa tashe suka zo yi ƙofar Bushiya. Ba ta da hatsin ba su, Ɓera ya zaro kuɗi a ɓoye ya aiki babbansu ya sayo ƙosai da gero da sukari, aka dama kunu, kowa ya sha. Giyar da ake dafawa a na asali ta tafi. Waƙar tashen kuma sabuwa na tsara, gajera, don kada in sa wa 'yan ɓera abin da ke da masu shi.

Ban rage kukan Bushiya ba ko kaɗan. Yara sun san kewar gida fiye da yadda muke zato, balle wanda aka taso daga nasa.

20 ga Afrilu, 2025

Kwaɗo ya saci mota, an kama shi. A littafin alƙali ya ba shi wata 12 na sata, shekara 3 na tuƙin ganganci, 15 na yi wa ɗan sanda rashin kunya, aka haɗa 19 aka cike 20. Dariyar manya ce wannan. Na bar shekara 20 kawai, yara suka ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa.

'Yar mai gadin kurkuku tana nan, don ita ce mutum ta farko da ta ji tausayinsa. Abincin da ta kawo mashi har ƙanshinsa ya tuna mashi gida ya zama tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Ya gudu cikin zane da lulluɓin gwaggonta, wadda a can wanki take yi wa fursunoni, a nan kuwa fura take kawowa. Jirgin ƙasan da ya tsere a ciki na bar shi. Yaranmu ba su taɓa hawa ba, amma suna jin ana maganar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, suna kuma son sa tun bai zo ba. Dokin da ya sace ya zama jaki, ya sayar a kasuwar ƙauye. Wanda ya saya a littafin an jingina shi ga wata ƙabila ta masu yawo, ni ban ba shi ƙabila ba, mai saye ne kawai.

Damuwata a nan ita ce yara suna son Kwaɗo fiye da kima. Duk ƙaryar da ya yi tafi suke. Ban ga laifinsu ba, haka suke son Gizo. Abin da na yi shi ne duk inda ya cuci wani sai na tsaya a kan fuskar wanda aka cuta na jimla ɗaya ko biyu: mai jakin nan a tsaye bakin hanya da kayanta a ƙasa.

8 ga Yuni, 2025

Hutun Babbar Sallah ya ba ni sarari na fuskanci babi biyun ƙarshe, kuma sun fi kurmin wuya. Kwaɗo ya dawo ya tarar miyagun kurmi sun shiga gidansa da dare, sun lakaɗa wa masu tsaron gidan duka sun kore su, sun zauna suna cin abincinsa. Ya je ƙofa, mai gadi ya harbo shi da bindiga. Daga baya abokai huɗu suka bi ta ramin sirri, suka faɗa masu ana tsakiyar walima da sanduna.

Mutane daga daji, da dare, da bindiga, sun kori masu gida. Ba na bukatar wanda zai fassara mani yadda wannan zai sauka a ajina.

Na yi tunanin a ce gidan ya lalace ne kawai saboda an bar shi. Amma hakan ya kashe labarin, kuma ƙarya ce da yara za su gane. Abin da na tsaya a kai: su Tunku da su Bodari sun shiga ne da rana, don sun tarar da ƙofa a buɗe, mai gida ya tafi yawon mota. Ba duka, ba bindiga. Da Kwaɗo ya zo, ruɓaɓɓen tumatir suka jefe shi da shi daga kan katanga. Ɓarnarsu irin wadda yaro zai iya ɗauka ce: sun kwana a gadonsa da ƙafafu duk taɓo, sun shanye zumarsa, sun sa rigunansa a baibai.

Wajen ƙwato gidan kuma littafin da kansa ya ba ni mafita. Akwai inda baƙon gulbi ya sa kayan mai wankin nan da Kwaɗo ya gudu a cikinsu ya je ya tsorata masu gadi da cewa runduna mai yawa na tafe. Na ɗauki wannan na mai da shi babban makami. Bushiya ce ta yi dabarar, Goggo ta ara masu turame da tabare da gwangwanaye, suka shiga ramin sirri suka yi ta luguden da ya sa ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin masu walima. Kafin Baba Dage ya leƙo da kansa, rabi sun fice ta taga. Waɗanda suka rage aka ba su tsintsiya suka share abin da suka ɓata, aka sallame su da abinci, wannan kuwa kusan haka yake a na asali.

Na san wani zai ce na tausasa abin da yawa, duniya ba haka take ba. Gaskiya ne. Amma waɗannan yaran ba su rasa mai gaya masu yadda duniya take ba. Abin da ba su cika ji ba shi ne labarin da aka koma gida.

5 ga Yuli, 2025

Ruwa ya zauna, kwaɗi sun cika kududdufin bayan makaranta da kuka, yara na cewa mutanen Kwaɗo ne ke taya shi murna. Rubutu ya kammala a babi 10, kowane ana karanta shi cikin minti goma zuwa sha biyu. A ƙasan kowane shafi akwai jimla ɗaya da manyan baƙaƙe don yaro ya karanta da kansa, sauran na malami ne ko uwa.

Na kai gwajin shafi huɗu wurin masu ɗab'i. Ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ duk sun zube, Ɓera ya koma akwatin da babu komai a ciki. Mun zauna da yaron da ke kan kwamfutar muka sauya zubin baƙaƙen zuwa Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu kuma yana da haruffanmu duka. Launi a kowane shafi ya fi ƙarfin aljihuna, don haka bango kaɗai zai sha launi, ciki baƙi da fari, yara su shafa da kansu.

Shafin ƙarshe ne ban rufe ba. Littafin ya ce Kwaɗo ya shiryu: ya daina fahariya, ya aika wa 'yar mai gadi sarƙar zinariya, ya biya kuɗin dokin da ya sace. Biyan hakkin nan zan bar shi, har na sa ya kai jakin da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Shiryuwar ce ajin ya rabu a kai. Na tambaye su, 'yan mata da yawa suka ce ya tuba, wani yaro ya ce, "Malama, wallahi in ya ga jirgin sama sai ya saya." Ƙanena yana goyon bayan yaron, har ya zana Kwaɗo yana zaune cikin natsuwa a walima, ido ɗaya na kallon sama ta taga. Shugabar makaranta ta fi son a rufe da tuba sak.

Zan ba malaman aji ɗaya na wasu makarantu biyu, ɗaya a Ƙofar Marusa ɗaya a Daura, kwafin gwaji da ƙarshen iri biyu, su karanta kafin a tafi dogon hutu su gaya mani abin da yaransu suka ce. Saura zane shida a hannun ƙanena, da shafin iyaye da ban fara ba.